Layin Kafaɗa

Ni ne Remo Quaglino, mai yumɓu,
shekara talatin da huɗu a ɗaki guda a Torino,
ɗakin da aka shafe tagoginsa da farin fenti
don kada idon waje ya faɗa wa sirrinta.

Tiberio ke zane, ni ke ba zanen jiki.
Ya ja layi a takarda, ya tafi shan kofi,
ya bar ni da shi wata uku
ina liƙa yumɓu, ina kankarewa,
in rufe ido in bi shi da tafi,
don ido kan yi ƙarya, hannu bai iya ta ba.

Ba a raɗa mata suna ba. Lamba Sha Bakwai.
Dogon hanci kamar kwalekwalen kogin Po,
silinda sha biyu kwance ƙarƙashin bonet,
ƙarfin dawaki ɗari shida, in ji injiniya.
Kujeru biyu rak, fatar maraƙi.
Ba wurin jaka, ba wurin yaro,
ba wurin ko burodin da za ka kai gida.

Ranar da aka tayar da injin
tsatsa ta zubo daga rufin kwano,
kofin Tiberio ya kama tafiya a tebur shi kaɗai,
Nives mai ɗinkin kujeru ta toshe kunne tana dariya.
Ni a haƙora na ji rurin,
na ji shi a tsohuwar karayar ƙafata.

Aka kai ta baje koli bayan duwatsu.
Kwana goma tana juyi a kan faranti,
masu hoto na ta walƙiya, masu kuɗi na haɗiyar yawu.
Wani ya miƙa cek bai rubuta adadi ba,
aka ce masa ta kallo ce.
Kilomita arba'in da ɗaya ta yi a duniya,
rabi ma mu muka tura ta.
Daga nan sai tamfol, sai ɗakin ƙasa,
aka zuƙe fetur, aka cire batir,
aka kashe fitila a kanta.

Na daɗe ina cewa mun yi ɓarna.
Tiberio ya rasu, kamfani ya canza hannu,
ɗakin namu yanzu kantin takalma ne.

Jiya Ilenia, jikata, za ta kai ni asibiti
a 'yar motarta mai silinda uku
da ta saya ta hannu, tana biya da wata-wata.
Ruwa ake yi. Danja ta tsayar da mu.
Sai ga motar mai burodi ta tsaya gefena,
fara, da lotsawa a ƙofa,
kuma daga fitilar gaba zuwa bayanta
layin nan ne.
Ga ɗan tashin da yake yi saman tayar baya,
inda babban yatsana ya zame wani daren Alhamis,
na zo gyarawa, Tiberio ya riƙe hannuna:
"Bar shi, kuskuren ya fi zanen."

Na sauke gilashi, na miƙa hannu cikin ruwan.
Direban ya harare ni, ya ɗauka ruɗewar tsufa ce.
Ilenia ta ce, "Kaka, za ka jiƙa kujera!"
Danja ta saki, ya ja abarsa.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Tawa barewar ba ta taɓa gudu ba,
ga 'ya'yanta cike da gari
suna rarrafe a cunkoso, suna ɗaukar kabeji da 'yan makaranta.

A bakin asibiti na dafa motar don in miƙe,
sai tafina ya tsaya cak.
Shekara biyu ina shiga motar yarinyar nan.
Na rufe ido, na bi ta daga fitila zuwa baya.
Ilenia na riƙe da lema, tana duba agogo.